Kwalbar Shuɗi a Siton Mama Milka

Ƙwaya ɗaya tak nake nema. Ba buhu ba, ba mudu ba, ƙwaya ɗaya da ko girman ƙwayar sukari ba ta kai ba. In na same ta, jami'a za ta ba ni digirin dakta. In ban same ta ba kafin ƙarshen zango, za a soke sunana, domin na cinye duk ƙarin lokacin da doka ta yarda a ba ɗalibi, na kuma cinye wanda aka ƙara mini don tausayi.

Sunana Roseline, ina koyar da kemistiri a wata kwaleji a nan Kafanchan. Bincikena a kan wani abu ne da ake kira shuɗin filatinam, kuma duk wanda na gaya wa haka sai ya tambaye ni ko rini na koma. Filatinam ƙarfe ne mai tsadar tsiya. Ni ko ƙarfen ban taɓa riƙewa ba, garin gishirinsa ne a hannuna, rawaya, wanda Farfesa Celestine, malamin da ke duba aikina, ya auna mini a 'yar kwalba yana harara ta kamar zan gudu da 'yarsa. Ya ce shi ke nan abin da ya rage, in na ɓarnatar kada in ƙara kiran wayarsa.

Aikin kansa ba shi da wuyar faɗa. A narkar da garin a ruwa, a zuba gishirin azurfa ya janye kilorin da ke manne da filatinam ɗin, a tace farin laka da ya sauka. Daga nan sai a zuba amayid. Amayid sinadari ne mai hannu biyu, ɗaya naitirojin, ɗaya oksijin. Da hannu ɗaya yake kama atam ɗin filatinam guda, da ɗayan ya kama wani, ya haɗa su biyu. Biyun nan su nemi wasu biyun su yi jerin huɗu. Sai iska ta shigo ta sace ilektaron ɗaya daga cikin jerin, kuma ba wanda zai iya nuna maka atam ɗin da aka yi wa satar, su huɗun ne suke raba asarar a tsakaninsu. Daga wannan rabon ne shuɗin yake fitowa, shuɗi mai duhu da za ka rantse tawada ce. In iskar ta yi kaɗan, ba shuɗi. In ta yi yawa, shuɗin ya gudu ya bar ka da ruwa mai kalar shayi.

Na samu shuɗina, da wani amayid da ba wanda ya taɓa gwadawa. Ranar har rawa na taka ni kaɗai a ɗakin gwaji. Amma masu jarrabawa ba sa ba da digiri don kala. Sai ka nuna musu jerin huɗun nan ƙiri-ƙiri, kuma hanya ɗaya ce: a samu kiristal, wato ƙwaya mai tsafta mai kusurwa irin ta gishiri, a ɗora ta a wata na'urar eksire da ke zana wurin zaman kowane atam. Ba mu da na'urar. Farfesa ne zai yi tafiya ƙasar waje, ya ce in na ba shi ƙwayar zai tafi da ita.

Kiristal kuwa ba a yi masa dole. Sanyi yake so, da duhu, da a ƙyale shi. In an bar ruwan ya zauna lafiya, ƙwayoyi 'yan kaɗan ne za su fara, su yi ta girma a hankali. In an motsa shi, dubbai ne za su ɓarke lokaci guda, ba mai girma a cikinsu, a tashi da gari. Gari kuwa na'urar ba ta san shi ba.

A ɗakin gwajinmu wuta baƙuwa ce, takan leƙo ta gaishe mu ta wuce. Gidan da na sani mai wutar sola dare da rana ɗaya ne, gidan Baba Silvanus, yayan mahaifina, hedimastan da ya yi ritaya ya zama dattijon ikilisiya. Matarsa Mama Milka ita ta raine ni tun mahaifiyata ta rasu ina goye. 'Yar manoman citta ce daga Kwoi, ba ta yi boko ba, amma ita ta riƙa raka ni makaranta tana riƙe da kunnena ranar da na ce ba zan je ba. Har yanzu in na shiga gidan sai ta kama ni ta juya ni, ta gyara mini ɗankwali, ta ce na rame. Na sayi ɗan ƙaramin firij, na ɗora shi a keke mai ƙafa uku, muka kafa shi a sitonta, tsakanin buhunan citta da jarkar manja.

Na yi bayani dalla-dalla. Na ce, "Mama, wannan guba ne. Kada a buɗe murfin, kada a ɗanɗana, kada a sa ko lemo ɗaya a firij ɗin nan. Amana na bar miki."

Ta dafa ƙirji. "Amana? Ki bar shi a hannuna, Rozi. Ko ƙuda ba zai sauka a kai ba."

Na tafi hankalina kwance. Da na dawo bayan mako, sai na tarar da gari. Shuɗin gari lib a gindin kwalba, mai kyau, mara amfani.

Gyaran wannan yana da tsada. Sai an ɗumama ruwan a hankali garin ya narke, a sake tacewa, a mayar da shi sanyi. Kowace tacewa takarda tana shan rabonta na filatinam, kowane ɗumamawa kuma iska tana ƙara cin nata. Na yi hakan, na mayar, na jira. Gari. Na ce girgizar injin firij ce, na yanko soson katifa na shimfiɗa a ƙarƙashin kwalbar. Gari. Na ce rediyon Baba ne, wanda yake ƙure wa murya saboda kunnensa ya yi nauyi, na roƙe shi ya koma da shi can bayan ɗakuna, ya koma yana gunaguni cewa a gidansa an mai da shi ɗan haya. Na ce injin niƙan maƙwabciyarsu Scholastica ne, wanda ke jijjiga katanga tun safe, har na je na tsaya a kanta ina yi mata lacca a kan jijjiga. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni ko ni zan ciyar da 'ya'yanta, ta sake tayar da injin.

Na kira Farfesa ina kusa da kuka. Ya ce, "Roseline, matsalarki gaggawa. Mai haƙuri yakan dafa dutse." Shi da yake zaune a ofis mai iyakwandishan. Na so in tambaye shi ko ya taɓa shan romon, amma digirina yana aljihunsa, sai na ce na gode.

Lokacin nan ruwan ya ragu ya koma rabi, kuma in na ɗaga shi a haske, gefensa ya fara nuna kore. Na san abin da hakan ke nufi. Ɗumamawa ɗaya ta rage mini, bayanta sai shayi.

Kullum da yamma nake zuwa gidan, bayan na tashi daga aiki. Wata Talata aka soke laccata ta safe saboda taron malamai da na san ba za a fara ba sai rana ta take, sai na ce bari in leƙa. Tun daga ƙofa na ji muryar Mama tana rera waƙar Zumuntar Mata ta coci a cikin sito. Scholastica tana zaune a bakin ƙofar siton, an zuba mata kunu a kofi. Na gaishe ta, ta amsa da hanci. Na leƙa.

Firij a buɗe. Mama a tsaye, ta sa baƙar leda a kowane hannu ta ɗaure a wuya, tunda an ce guba ne. Kwalbata tana tsakanin hannayen nan biyu, tana girgiza ta sama da ƙasa da ƙarfin mace mai lafiya, daidai da kiɗan waƙar. In baiti ya ƙare sai ta juya ta ƙasa, ta duba gindin, ta ci gaba.

Muryata da ta fito ba tawa ba ce.

"Mama. Me kike yi?"

Ta juyo da fara'a. "A'a, Rozi! Yau da safe? Kin gani, ina lura da abin ki. Kullum in na buɗe sai in gan shi ya fara kwanta. Wasu ƙanana-ƙanana abu suna fita a jikin kwalba, suna walƙiya kaman yashi. Na ce kai, abin yarinya nan zai lalace a hannuna. Sai na girgiza shi sosai kafin su ɓace. Suna da taurin kai fa."

"Suna walƙiya," na ce.

"Sosai. Na jiya ma ya yi dogo kaman allura. Hannuna har ya yi ciwo kafin ya fashe."

Ashe tun makon farko ƙwayoyina suna fitowa. Kowace safiya suna fitowa, kowace safiya ana kashe su da waƙar yabo. Ni kuma ina can ina yankan katifa, ina korar tsoho da rediyonsa, ina faɗa da mai injin niƙa.

"Amma na ce kada a taɓa!"

"Kin ce kada a buɗe, ban buɗe ba. Kin ce kada a sha, wa zai sha? Ko lemo ban sa ba, ga Scholastica nan shaida, da zafi nan duka." Ta ɗaga kwalbar. "Kunu in ya kwanta ana girgiza shi. Magani in ya kwanta ana girgiza shi. Citta in an shanya, kullum ana juya shi, in ba haka ba ya yi baƙi. Wane mutum ne za a ba shi amana ya bar shi ya zauna haka kaman maraya?"

Gaskiya ce, ban ce kada a girgiza ba. Ban faɗa ba domin bai taɓa zuwa mini a rai ba cewa akwai mai buƙatar a gaya masa. Amma a lokacin ba gaskiya nake nema ba. Watanni na gajiya suka taso mini gaba ɗaya, na fizge kwalbar daga hannunta.

"Wa ya aike ki? Hannunki ba ya iya zama wuri ɗaya ne? Duk abin da kika gani sai kin taɓa! Wannan ba kunu ba ne, Mama, ba citta ba ne! Aikin masu ilimi ne!"

Waƙar tsuntsu ma sai da ta tsaya. Scholastica ta ajiye kofinta a hankali, da fuskar wadda aka ba kyautar da ba ta zata ba. Mama ta dube ni. Ta kwance ledar hannun dama, ta kwance ta hagu, ta ninke su, ta fita.

Baba Silvanus ya ji komai daga can bayan ɗakuna, kunnen da ba ya jin rediyo sai an ƙure. Ya kira zama a falo nan take, ya sa tabarau, ya ɗora Littafi Mai Tsarki a gwiwa ko da yake bai buɗe ba. Ya ce yana da foyin uku, wato batutuwa uku. Foyin na farko ya ɗauke mu daga littafin Fitowa zuwa na Afisawa a kan girmama iyaye. Foyin na biyu tarihin ciwon ƙyanda ne da na yi ina ƙarama da yadda Mama ta goye ni a ƙafa zuwa asibiti. Ni kuwa kwalbar tana cinyata tana ɗumama, iska tana cinta, idona yana kan agogon bango. Kafin ya kai na uku na miƙe na ce, "Mama, ki yi haƙuri." A tsaye na faɗa, jakata a kafaɗa.

Ta ce, "Ba komai."

Duk wanda ya girma a gidan nan ya san gara Mama ta jefe ka da muciya da ta ce maka ba komai. Na sani. Amma na ce a raina zan gyara wannan daga baya, mutum ba ya komawa shayi. Na ruga ɗakin gwaji, na yi ɗumamawar ƙarshe, na tace, na dawo da kwalbar kafin yamma. Na sa ta a firij, na liƙe ƙofarsa da salatif, na rubuta KADA A GIRGIZA da manyan baƙaƙe na manna. Sai da na fito na tuna wadda na rubuta dominta ba ta karatu. Baba ne ya karanta mata, da ƙarfi, har da bayani.

Na daure ban je gidan ba na kwana da kwanaki, rabi don kiristal, rabi don kunya. Ranar wata Alhamis Farfesa ya kira. An matso da tafiyarsa. Zai biyo ta Kafanchan ranar Asabar da safe a hanyarsa ta zuwa Abuja, zai tsaya a bakin titi ya karɓa, in akwai abin karɓa. In babu, to, ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Na isa gidan a guje, na tarar da kwaɗo a ƙofar sito, sabo, ƙato. Baba yana zaune da rediyonsa, wanda ya dawo falo.

"Mamanku ta tafi Kwoi. Gwaggonta ta rasu, tsohuwar nan ta ƙarshe a gidansu. Jana'iza ranar Asabar, sujadar godiya ranar Lahadi. Sai Litinin ko Talata."

"Makullin fa, Baba?"

"Yana bakin zaninta. Ta ce ta kulle ne don in abin ya sake lalacewa, kada a ce hannunta ne."

"To a kira kafinta ya ɓalle."

Ya cire tabarau ya dube ni kamar na ce a ƙone coci. "A ɓalle siton mace ba ta nan? Tun da muka yi aure ban taɓa ɗiban ko gishiri a ɗakin nan ba sai da izininta. Yau saboda kwalba in zama ɓarawo a gidana? Me zan gaya wa dattawa?"

Na ce masa firij ɗin nawa ne. Ya ce ƙofar tata ce. Na ce digirina ne a ciki. Ya ce ai da na san haka da na zauna na ji foyin na uku. Na kira wayar Mama, wata yarinya ta ɗauka ta ce Mama tana wurin tukunya. Na sake kira, wata tsohuwa ta ɗauka ta yi mini ta'aziyya mai tsawo ta kashe. Na zagaya bayan siton na leƙa ta 'yar taga. Ina ganin firij ɗin, ina jin ƙugin injinsa, tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma ba.

Juma'a da sassafe na shiga motar Kwoi, daga tasha na hau mashin zuwa gidan makoki. An kafa rumfuna, 'yan ganga suna gwada kaya, mata sanye da anko suna kai da kawowa tsakanin manyan tukwane. Mutuwar tsohuwa ce da ta ga jikokin jikoki, don haka dariya ta fi kuka yawa. Mutum na farko da idona ya faɗa a kai ita ce Scholastica, tana yanka albasa. Ta rufe injin niƙanta ta biyo Mama, abin da ba ta yi don digirina ba.

"Ku ba da hanya," ta ce da ƙarfi. "Mai ilimi ya iso."

Kafin in kai tsakiyar gida na gane babu matar da ba ta ji labarin ba. Kowa ta gaishe ni da ladabi mai yawa, irin wanda ya fi mari zafi. Wata ta tambaye ni ko masu ilimi suna wanke kwano. Na ce suna wankewa. Aka nuna mini tulin kwanuka da baho. Na wanke. Aka ba ni tire na kai wa fastoci shinkafa. Aka ce in tsince wake. Duk lokacin da na hango Mama sai a ce tana ciki da 'yan'uwa, in jira. Rana tana tafiya, ni ina tsintar wake da siket ɗin zuwa ofis, ina tunanin ko abin da ke cikin siton ma gari ne, duk wannan a banza.

Sai bayan azahar na same ta, tana zaune a kan benci a bayan ɗaki tare da manyan matan Zumunta. Na je gabanta na durƙusa a ƙasa, gwiwa biyu, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar da aka zubar da ruwan wanke-wanke. Wannan karon da gaske nake. Da na ga fuskarta kusa, idanunta sun kumbura, sai na tuna gwaggon nan ita ta raine ta, kamar yadda ita ta raine ni, kuma tun da na shigo gidan ban yi mata gaisuwar rashi ba.

"Mama, sannu da rashi. Na yi miki laifi. Bakina ya faɗi abin da bai kamata ba. Ki gafarta mini."

"Tashi, za ki ɓata siket."

"Ba zan tashi ba sai kin yafe."

"Na yafe tun ranan. Ubangiji ya ce mu yafe." Ta dubi hannayenta. "Makulli ne kin zo karɓa, ko?"

Na so ƙasa ta tsage. Da zan iya cewa a'a, da na ce. Na ce Farfesa zai wuce gobe da safe.

Matan suka zuba ido suna jiran su ga ko za ta jefo mini shi. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zaninta. "Makullin sito na ba ya tafiya shi kaɗai. Mu je." Wata dattijuwa ta kama hannunta ta ce yau fa ake kwanan zaune, ita ce babbar 'ya, ina za ta? Mama ta ce za ta dawo kafin a fara, yarinya tana da jarrabawa.

A mota mun zauna kafaɗa da kafaɗa, an matse mu da buhun citta. Na yi ta neman zance. Na ce an yi ruwa sosai bana. Ta ce an yi. Na ce ankon ya yi kyau. Ta ce ya yi. Ɗankwalina ya zame tun a wurin wanke kwano, yana rataye a gefe ɗaya har muka shiga Kafanchan, ita kuma tana kallon taga.

Ta buɗe kwaɗon, ta tura ƙofar, ta ja baya. Na shiga, na yanke salatif, na buɗe firij a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai daga ƙarƙashin kaza. Na ɗaga kwalbar zuwa hasken taga.

Suna nan. A jikin gilashin, ƙasa da bakin ruwan, ƙwayoyi dogaye sirara, shuɗi har ya kusa baƙi, gefensu yana ɗaukar haske. Ba ɗaya ba, sun fi yatsun hannu yawa. Shekarun da na yi ina shan baƙin ciki a ɗakin gwaji mara wuta, ga su a tsaye a jikin kwalba. Hawaye suka zubo mini, na yi ihu ban sani ba.

"Mama! Mama, zo ki gani! Sun fito!"

Tana tsaye a bakin ƙofar sitonta, ƙafarta ba ta ƙetare dokin ƙofa ba, hannayenta biyu a bayanta.

"Ina gani daga nan."

"Zo ki riƙe mini tocila, zan ciro su."

"A'a. Ki kira Baban ku. Shi ya yi makaranta."

Baba ne ya riƙe tocilar, ya shigo siton bayan ya nemi izini, yana haska mini kunne maimakon kwalba, yana ba ni labarin wani malamin kimiyya da ya koyar da su a kwalejin horon malamai. Na sa siririn bututun gilashi na tsotso ƙwayoyi uku mafi kyau tare da ɗan ruwansu, na zuba a 'yar kwalba, na toshe, na naɗe da auduga, na sa a fulas ɗin shayi da ƙanƙara a gindi. Sirara ne ƙwarai, bugu ɗaya zai karya su. Na fito tsakar gida na rungume fulas ɗin a ƙirji.

Mama ta riga ta kulle sitonta ta ɗaure makullin. Ta tsayar da keke a ƙofar gida.

"Ya yi?" ta ce.

"Ya yi, Mama. Ya yi sosai."

"To. Mun gode wa Ubangiji."

"Ki jira in raka ki tasha. Gobe ina ba Farfesa zan taho Kwoi, kafin a fita da gawa."

"Kada ki wahala. Kina da aiki." Ta ɗan rusuna mini, irin rusunawar da take yi wa fasto da baƙi daga Kaduna, matar da ta wanke mini kashi. "Sai mun dawo, Dakta."

Ta shiga keken. Na so in bi ta da gudu, in kama ƙarfen, in ce ni Rozi ce. Amma fulas ɗin yana hannuna, kuma ba a gudu da shi. Na juya ina neman inda zan ajiye shi, benci yana da gurguwar ƙafa, ƙasa ba daidai take ba, Baba yana miƙo hannu ni kuma na kasa ba shi. Kafin in ɗago kai, keken ya sha kwana.